Ranar da Yakaka Ta Je Jeren 'Yarta

A lungunsu na Fagge idan ka ce Yakaka sai an tambaye ka wacce, amma kana cewa Yakaka mai tsumma za a nuna maka ƙofar gidan. Matan lungun ne suka laƙaba mata sunan don su ƙona mata rai. Ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu, har idan baƙuwa ta yi sallama tana kame-kamen yadda za ta kira ta, sai ta ce, "Faɗi kanki tsaye, ni ce mai tsumman, shigo."

Kakanta Babarbare ne, fatauci ya kawo shi Kano, ya sauka a Fagge kamar yadda baƙi suka saba, bai sake komawa ba. Ubanta tela ne na bakin titi. A ƙarƙashin kekensa ta yi rarrafe, a nan ta fara tsince ƙyallayen da almakashi ya zubar tana yi wa 'yar tsana riga. Ta yi boko har aji uku na sakandare, sannan ta auri Malam Kyari, mai kula da lodin kaya a Kasuwar Singa, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Da uban ya rasu, 'yan'uwanta maza suka raba rumfa da kekunan ƙafa, ita aka miƙo mata wani tsohon keken hannu da ya daɗe a ƙarƙashin gado. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta wanke shi da kananzir, ta ɗiga masa mai, ya tashi. Har yau shi ne ke ƙara a tsakar gidanta.

Neman zare ne ya haɗa ta da Adaugo, wadda kowa ke kira Maman Obinna, mai rumfar zare da maɓallai a kasuwar Sabon Gari. A Sabon Garin aka haifi Adaugo, Hausa a bakinta kamar ta 'yar cikin gari, sai dai ba ta iya magana a hankali ba. Ita ta nuna wa Yakaka yadda ake yanka kwali a yi ma'auni da shi, a fitar da ƙyallaye kai ɗaya, a wanke, a goge, sannan a jera su a tabarma a dube su da kyau kafin a kai su bakin allura. Tun daga nan Yakaka ba ta sake jefar da ko tafin hannun atamfa ba. Zanen da ya ƙoshi da duniya ya koma labule, labulen da ya gaji ya koma rigar filo, rigar filo ta koma tsumman riƙe tukunya. Kayan makarantar 'ya'yanta kuwa, na babba ne ke komawa na ƙarami, kuma ba wanda ya taɓa gane wa sai ta faɗa.

Amma babbar ma'adanarta anko ce. Kowa ya san haukan da muke yi da anko a garin nan. A fitar da atamfa don biki, mace ta hana cikinta abinci ta saya, ta ɗinka, ta sa rana ɗaya, a yi hoto, shi ke nan ta shiga ƙasan akwati, wai kada a sake ganinta da ita a ce ba ta da wata. Akwati ya cika ya batse, kyankyasai su yi gida a ciki, mai akwatin kuma tana yawo tana kukan babu. Irin waɗannan Yakaka ke karɓa. Mata su kawo mata a leda, ta ƙofar baya, ta mayar musu da shimfiɗa ko labule, su kai ɗaki su rataya, baƙi su yaba su ce daga ina, su ce ai daga Legas aka kawo musu. Da sun fito waje kuma, mai tsumma. Ta sani sarai. Ba ta taɓa tona kowa ba, ba ta kuma taɓa sunkuyar da kai ba.

'Yarta ta fari Surayya ce. Kamar yadda aka san uwa da ɗan fari, Yakaka ba ta kama sunanta, ba ta yaba mata a gaban mutane, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Adaugo ce kawai ba ta san wannan karatu ba, tun daga bakin zaure take kwarara mata "Maman Surayya!" Yakaka ta hana har ta gaji.

Da aka sa ranar Surayya da wani yaro mai shagon atamfa a Kantin Kwari, Yakaka ta yi kayan ɗaki daidai ƙarfinta, gado da katifa da kujeru da kwanuka, ba abin da za a nuna da baki. Amma abin da ta zuba ranta a kai zanen gado ne. Ta zazzage buhunanta, ta zaɓi ƙyallayen da suka fi kowanne kyau da ƙwari, ta yi wata da watanni tana haɗawa tsakanin azahar da la'asar, bayan ta sauke tukunya. Ta shimfiɗa masa wata tsohuwar shaddar Malam Kyari a baya, ta bi gefensa da ɗinkin hannu. A tsakiya ta dasa wani koren ƙyalle mai zanen ganye, wanda ta tsinta a cikin ledar da wata ta taɓa kawowa, don ya fi sauran haske. Bakin da ba ya iya cewa 'yarsa "Allah ya yi miki albarka" a gaban jama'a, a zanen nan ya faɗi duk abin da ke cikinsa. Ranar da ta gama ta kira Adaugo ta gani. Adaugo ta dafe ƙirji, ta yi wata magana da yarensu, sannan ta ce, "Idan ba a shimfiɗa wannan a gadon amarya ba, ni da ke mun ɓata."

Ranar jere, ƙannen Yakaka da Adaugo suka tafi da kaya gidan da ango ya kama a Kwaciri. Uwar amarya ba ta zuwa jere, balle ta 'yar fari, wannan ko yaro ya sani. Yakaka tana gida tana fama da tukwanen baƙi, Surayya tana ɗaki an naɗe mata hannu da ƙafa da lalle. Bayan azahar waya ta yi ƙara. Muryar Adaugo kuwa ba ta buƙatar a ƙara mata sauti, duk tsakar gidan aka ji.

"Maman Surayya, sun cire!"

"Sun cire me?"

"Zanen gadonki! Mun gama shimfiɗawa ke nan dangin ango suka shigo ganin ɗaki. Wata Hajiya Tabawa, wai gwaggonsa ce, ita ta riƙe shi tun yana yaro, ita ta yaye zanen da hannunta ta jefa bayan ƙofa. Ta ce su gidan atamfa ne, ba za a shimfiɗa wa ɗansu tsumma ba. Wai kuma duk ankon auren da ya mutu ne a jiki, kin kwaso wa yaro mugun abu. Har ta aika a ɗauko sabo daga shago. Ƙannenki sun yi tsuru-tsuru kamar an jiƙa su da ruwa. Ni na yi magana, wata ta ce ina ruwan Inyamura da jeren Hausawa."

Yakaka ta ajiye ludayi a hankali. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gyale. Surayya, wadda ta ji komai, ta taso tana ɗingisa ƙafafu a cikin leda, hawaye na bin kumatunta, ba ta da hannun sharewa.

"Umma, don girman Allah ki bari. Zane ne fa. Ni ce zan zauna da su, ba ke ba. Idan kika je kika yi faɗa, a kaina za su huce."

Maganar ta shiga Yakaka, don gaskiya ce. Ta tsaya da gyale a hannu tana kallon bango. Ta san irin zaman da ake yi da dangin miji idan aka fara da tsiya. Ta san kuma irin wanda ake yi idan aka fara da sunkuyar da kai, don ta ga matan da suka yi shi, ta ga yadda suka ƙare.

"Ke," ta ce, "yau zane suka yaye suka jefa bayan ƙofa, suna kallo su ga ko kina da mutane. Idan aka yi shiru, gobe girkinki ne, jibi ke ce. Ba zan kai ki gidan da za a ce abin da ya fito daga hannun uwarki ƙazanta ne ba. Koma ki zauna, kada ki ɓata lallenki."

A zaure ta iske Malam Kyari da abokansa. Ya dube ta, ya dubi gyalen.

"Ina zuwa kuma, ga baƙi cike da gida?"

"Kwaciri."

"Subhanallahi. Yakaka, uwar amarya? Ina kunyar?"

"Na bar ta a kan murhu, Malam, ka sa a duba min ita kada ta ƙone."

Ya ba ta hanya. Ya daɗe da sanin inda ƙarfinsa ya tsaya.

Ta tsayar da adaidaita. Cunkoson 'yan Kwari ya riƙe su, masu dako na ratsawa da dilolin atamfa a ka, sababbi fil, suna ƙamshin kanti. Tana kallonsu tana jijjiga ƙafa. Duk wannan, in ji zuciyarta, baɗi war haka yana ƙasan akwatin wata.

Da ta yi sallama a gidan amarya, sai kowa ya waiwayo. Wata tsohuwa ta saki salati. Ƙannenta suka rufe fuska da mayafi. Adaugo kaɗai ta washe baki, tana rungume da zanen da ta ɗauko daga bayan ƙofa ta kakkaɓe. Hajiya Tabawa na zaune a kan sabuwar kujerar amarya, babbar mace, leshi har ƙasa, zobba a yatsu.

"Wa nake gani haka? Ba dai uwar amarya ba?"

"Ita ce, Hajiya. Ina wuni."

"Lafiya lau. Ikon Allah, zamani. Mu dai a namu sanin, uwa ba ta taka ɗakin 'yarta ranar jere."

"Mu ma a namu sanin, dangin ango ganin ɗaki suke zuwa, su sa albarka su tafi. Ba su yaye shimfiɗa. Tun da kin fara sabon abu, na ce bari in zo in taya ki."

Wata daga cikin dangin ango ta yi tsaki. "Ai ga irinta nan. Dama an ce mai tsumma ce."

"Ba a yi miki ƙarya ba, 'yar nan. Da tsumman na raini wadda ɗan'uwanku ya yi ta safa da marwa a ƙofar gidanmu dominta sai da aka ba shi. Lokacin bai ji warin tsumma ba."

Hajiya Tabawa ta ɗaga hannu aka yi shiru. "Baiwar Allah, ba faɗa na zo yi ba. Yaron nan atamfa yake sayarwa, ubansa atamfa ya sayar. Abokansa su shigo su ga gadonsa da faci, ina zai sa kansa? Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, matan nan sun duba, sun gane ankon biki ya fi a ƙirga a jikin abin nan, kuma wasu auren ko shekara ba su yi ba. Haka ake yi? A kwantar da amarya a kan mutuwar auren wasu?"

"Hajiya, ku ne masu shago. Atamfa ɗaya dila nawa kuke sayarwa? Gida nawa ke yin anko da ita a wata guda? A ciki wani auren ya zauna, wani ya mutu. In dai atamfa ce ke kashe aure, to ku rufe shagon, don daga hannunku take fitowa. Aure hali ke kashe shi, da bakin dangi. Ban taɓa jin alƙali ya kira zane shaida ba."

Adaugo ta ce, "Faɗa musu dai!" Ƙanwar Yakaka ta mintsine ta.

Sai Hajiya Tabawa ta miƙe. Ta karɓi zanen daga hannun Adaugo, ta warware shi, ta ɗora yatsa a kan koren ƙyallen nan na tsakiya. Da ta buɗe baki, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Wannan fa? Kin san na wace ce? Ankon 'yata ce. Ni na zaɓe shi da hannuna. Wata bakwai aka dawo min da ita da ciki, da tabo a fuska. Tana ɗakina har yau, ko biki ba ta zuwa. Nawa na ƙona shi. Yau in shigo ɗakin ɗana in tarar da shi shimfiɗe a tsakiyar gado yana kallona?"

Yakaka ta sauke ido a kan ƙyallen. Ba ta sani ba. A leda aka kawo, ba ta tambayi na bikin wa ba ne, kyansa kawai ta gani. Ta dubi matar da ta shigo da niyyar yi wa wankin babban bargo, sai ta ga uwa irinta. Kowa na jiran ta naɗe kayanta ta fita, ko kuma ta ƙara wuta.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Allah ya ba ta lafiya, ya musanya mata da mafi alheri. Wallahi ban sani ba, da ban sa ba. Wannan zan cire shi, Hajiya, yanzu a gabanki. Amma ki ji da kyau, don ciwon da ke ranki zan cire, ba don camfi ba. Sauran kuwa suna nan daram, kuma a gadon nan za su kwana. Maman Obinna, ba ni reza."

Adaugo ba ta fita ko coci ba tare da allura da zare a jaka ba. Yakaka ta zauna dirshan a kan ledar ɗakin 'yarta, ta miƙe ƙafa, ta ɗora zanen a cinya, ta shiga farke ɗinkin da ta yi da hannunta, zare bayan zare, ba gaggawa. Ana cikin haka aka shigo da sabon zanen gado daga shago, cikin ledarsa, da wata atamfa a kai. Wata mai neman sulhu ta ce to a yanki sabuwar atamfar mana a cike gurbin, kowa ya samu nasa.

"A'a," in ji Yakaka, ba ta ko ɗago ba. "Ba a haɗa sabo da tsoho. Wanki ɗaya sabon zai tsuke ya yage na kusa da shi. Sai wanda ya sha ruwa irin nasu."

Ta sa hannu ƙarƙashin gyale ta zare ɗankwalin kanta, wanda ya sha wanki har ya yi laushi, ta auna da koren da ta cire, ta yanka. Matan suka bi ta da ido. Wasu suka fice tsakar gida suna gunaguni, wasu suka matso suna leƙen yadda take lanƙwasa baki tana soka allura, ɗinkin na tafiya kamar layin tururuwa. Sai da aka kira la'asar ta ƙulle zare ta gatsa da haƙori.

Ta tashi, ta ɗauke sabon zanen shagon daga kan katifa, ta ɗora shi a kan akwati. "Wannan ma na gode, za ta riƙa canji da shi." Sannan ta kama gefe, Adaugo ta kama gefe, suka shimfiɗa nata, ta bi shi da tafin hannu ta lallashe kowace kusurwa. Ta ninke koren ƙyallen ta miƙa wa Hajiya Tabawa da hannu biyu.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa kafin ta karɓa ta cusa a jaka. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce a cire ba. Ta gyara mayafi ta ce wa mutanenta, "Ku tashi mu tafi." A bakin ƙofa ta waiwayo. "Ke dai ba ki da kunya."

"Ina da ita, Hajiya. Yau ce dai ban fito da ita ba."

Ba a kyauta mata ba a bakin duniya, kada ma wani ya ce an kyauta. Har aka watse biki zancen da ake yi ke nan daga Fagge zuwa Kwaciri, wai uwar amarya ta je jere ta yi zaman dirshan a ɗakin suruki, kai ba ɗankwali. Waɗanda labulen hannunta ke rataye a ɗakunansu su suka fi kowa kai zancen gaba. Hajiya Tabawa ba ta zo karɓar gara ba, kuma har yau idan suka haɗu a taro, gaisuwar ba ta wuce ta fatar baki. Surayya ma da aka kai ta, ta yi kwanaki ba ta kira uwarta ba. Wannan ne kaɗai ya hana Yakaka cin abinci, ko da yake ta ce wai zafin gari ne.

Adaugo ce ta kawo labarin, don ita ba ta da dokar da ta hana ta zuwa gidan amarya. Tana zaune a ɗakin Surayya, sai ga ƙannen ango mata sun zo. Suka zazzauna, suka sha lemo, sannan babbarsu ta ce to yanzu biki ya wuce, idon mutane ya ɗauke, sai a naɗe wannan abin a sa a ƙasan akwati, a shimfiɗa na shago. Surayya, wadda ko ɗaga ido ba ta yi a gabansu, ta sunkuyar da kai har suka ɗauka ta amince. Sai ta ce, a hankali, tana wasa da gefen zanen:

"Ai ba ni na shimfiɗa ba, Anti. Umma ce. Sai dai ku je Fagge ku gaya mata ta zo ta cire."

"Maman Surayya," in ji Adaugo tana dukan cinya, "kin ga yadda suka kalli juna? Har na taso ba wadda ta tambayi kwatancen gidanki!"

Yakaka tana juya hannun keke, ba ta tsaya ba. Ta gyara ƙyallen da ke ƙarƙashin allura, ta ja hanci, ta goge ido da gefen zane kamar wani abu ne ya faɗa mata.

"Yarinyar nan ta yi baki," ta ce. "Ban san inda ta samo shi ba."